Shekara biyu ina karɓo rana a kotu, yaushe zan zama lauya na gaske?

Wani ƙaninmu ne ya turo min tambaya, kuma da na karanta sai da na yi dariya ni kaɗai a mota don kamar ni ne na rubuta ta shekarun baya. A taƙaice ga abinda ya ce: ya yi makarantar lauyoyi a Bagauda, bautar ƙasa ta kawo shi Legas, ya zauna a wata ƙaramar cemba, wato ofishin lauyoyi, a Ikeja yana kwana Agege, yanzu ana neman shekara biyu ba abinda yake yi sai zuwa kotu ya karɓo rana da zaryar rajistiri, wato ofishin kotu da ake shigar da takardu, albashi kuwa kuɗin mota ne ke cinye shi. Abokan karatunsa wasu suna manyan ofisoshi a Victoria Island, wasu sun buɗe nasu suna rijistar kamfanoni. Yana tambaya ya zauna ne, ko ya nemi babban ofis, ko ya buɗe nasa, ko ya tafi mastas, ko kuma ya tattara ya koma gida Arewa.

Toh Barista ƙanina, kafin duk waɗannan ka fara amsa min abu biyu. Na farko, in ka rubuta takarda ka kai wa oganka, tana dawo maka da jan biro a jiki ko kuwa shiru kake ji? Na biyu, akwai fayil ko guda ɗaya da ka gani tun ranar da mai shi ya shigo ofis yana ba da labari har ranar da alƙali ya karanta hukunci? In amsar duka biyun eh ce, wallahi kana makaranta ko da albashin bai kai ya kawo ba, ka daure. In duka a'a ce kuma ka nema an hana ka, to wurin nan ba ya ƙara ka da komai, ka fara duba gaba. Ni da wannan nake auna ofis, ba da sunan da ke jikin gilashi ko sanyin esi ba.

Dalilina shi ne aikin nan namu koyon hannu ne, irin na yaron bakanike ko na tela. Makarantar lauyoyi shekara ɗaya ce tak, tun da aka kafa ta da dokar 1962 ta fara da ɗalibai 8 a Igbosere nan Legas, aikinta ta nuna maka ƙofa ne kawai. Kuma mu a Najeriya ranar da aka rantsar da kai ka zama lauyan kotu ka zama lauyan takardu a lokaci guda, a dokar da muka taso a kai ba wanda ya hana ka kama shago washegari ka kafa allo. A Ingila kuwa mai son tsayawa gaban alƙali sai ya yi wata 12 a ƙarƙashin wani babba kafin a sake shi. Kaga mu namu zaman koyon ba a rubuta shi ba, kai ne zaka ƙirƙira wa kanka shi, kuma nan ne mutane suke rabuwa, mutum biyu an rantsar da su rana ɗaya amma bayan shekara 7 ɗaya ana ba shi shari'a a juya baya, ɗayan kuwa har yanzu sai an duba masa wasiƙa.

Bari in fara da karɓo ranar da ta dame ka. Ka san tsarin, kotu ta zauna ƙarfe tara, manyan lauyoyi masu SAN, wato lambar girma ta Babban Lauyan Najeriya, suna layin gaba a fara kiran nasu, sannan a bi shekarun rantsuwa, kai sabon shiga sai ka kai azahar kana zufa cikin baƙar riga kafin a zo kanka, ka tashi ka yi maganar minti biyu ka fito. Yawancin yara wannan awa uku ko huɗun a waya suke ƙarar da ita. Alhali mutanen da in za ka je ofis ɗinsu sai ka cike fom ka jira, ga su nan a gabanka suna aiki kyauta kana kallo. Ka sayi littafi mai kauri ka riƙa rubutawa: wane irin roƙo aka kawo, me ɗaya ɓangaren ya ce, me alƙali ya tambaya, a ina lauyan ya yi tuntuɓe. Kowane alƙali da halinsa, wani ba ya son dogon surutu, wani sai ka karanto masa sashen doka da bakinka, wani in ka makara minti biyar ya kori ƙararka, kuma wannan ilimin ba ya cikin kowane littafi, a benci ake samunsa. Sannan don Allah kar ka taɓa ɗaukar fayil zuwa kotu baka karanta shi daga bango zuwa bango ba, ko da oga ya ce maka rana kawai zaka karɓo. Ni an taɓa aikena haka, na je da gadarata, ina miƙewa na ce oga ya yi tafiya muna neman a ɗage, Mai Shari'a ya leƙo ta saman gilashinsa ya ce ai kai ma lauya ne, lokacin jin moshin ɗinku ya yi, bismillah. Moshin shi ne roƙon da ake shigar wa kotu a rubuce, ni kuwa ban san ma me muke roƙo a ciki ba. Na tsaya ina juya takardu hannuna na rawa, lauyan ɗaya ɓangaren wani dattijo ne ya tausaya ya raɗa min shafin. Tun daga ranar ko a danfo ne sai na karanta fayil, kuma abin mamaki daga lokacin ne oga ya fara sakar min ƙananan moshin da kaina don ya ga in na dawo ina ba shi labarin da ya fi "an ɗage zuwa wata mai zuwa".

Rajistiri kuma da kake rainawa, can ne shari'u da yawa suke mutuwa tun kafin a kai ga gaskiya ko ƙarya. Ka je ka karanta Okafor da Nweke na 2007, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardu saboda an sa hannu da sunan ofis ba da sunan lauyan da ke cikin rajistar lauyoyi ba, kuma bayan nan shari'u nawa ne da aka yi shekaru ana yi suka rushe a kan wannan ɗan abu. Ka haɗa da Madukolu da Nkemdilim na 1962 a kan hurumin kotu, wanda har gobe ba ranar da za a wuni ba a ambace shi a wata kotu ba. Wanda ya yi zaryar rajistiri shi ya san yadda ake ƙididdige kuɗin shigar da takarda, ya san hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA da ake mannawa, ya san cewa in belif, ma'aikacin kotu mai kai takardu, bai kai sammaci yadda ya dace ba ko ya kai bai ajiye shaidar kaiwa a fayil ba to duk abinda aka gina a kai iska ne. Sai lissafin kwanaki, wanda ni a wurina shi ne farkon abinda nake gwada yaro da shi. Ɗaukaka ƙara daga Babbar Kotu a shari'ar da ba ta laifi ba, hukuncin ƙarshe wata 3 ne, na tsakiyar shari'a kwana 14. Ƙarar zaɓe kwana 21 daga bayyana sakamako, ba ƙari ko na awa ɗaya. Bashi ko saɓa yarjejeniya a Legas shekara 6, fili shekara 12. Lauyan da ya iya turanci kamar ruwa amma ya bar kwana ya wuce, ya kashe mai ƙara da hannunsa. Kuma ka girmama ma'aikatan nan, ka gaishe su ka san sunayensu, wata rajistara da ta shekara 20 a kan teburi ta fi ka sanin dokokin kotun a aikace nesa ba kusa ba, in tana ganin mutuncinka ita zata ce maka Barista wannan takardar taka da gyara tun kafin abokin hamayya ya gani. Lokacin da aka ƙona Babbar Kotun Igbosere a Oktoban 2020 aka rarraba kotuna wasu dandalin Tafawa Balewa (TBS) wasu unguwar Osborne, waɗanda suka san mutanen rajistiri kuma suke ajiye kwafin komai a ofis su ne suka fara farfaɗo da fayilolinsu.

Yanzu ga inda nake so ka fi sa ƙarfinka, rubutu. Mutanenmu a gida suna ɗauka lauya shi ne mai baki, wanda zai tashi ya yi ta zuba har alƙali ya sallama. Wannan zamanin ya wuce a Legas tun 2004 da aka kawo dokokin Babbar Kotu masu cewa ranar da zaka shigar da ƙara ka haɗo komai, bayanin ƙara, sunayen shaidu, rubutacciyar shaidar kowannensu da rantsuwa, da kwafin duk takardar da zaka dogara da ita, aka sake gyara su a 2012 da 2019 har da sharaɗin sai ka nuna ka nemi sulhu kafin ka zo. Ma'ana kafin ka sa hular gashin nan an riga an ci shari'ar ko an faɗi a kan teburin ofis. Shaidarka zai shiga akwati ne kawai ya ce wannan bayanina ne na amince da shi, jawabin ƙarshe ma a rubuce yake, 'yan mintuna za a ba ka ka tabbatar da shi. Saboda haka duk fayil ɗin da ya biyo ta hannunka, ko ba a sa ka ba, ka zauna da dare ka rubuta naka daraf ɗin, in oga ya fitar da nasa ka jera su ka ga me ya saka da ka bari, me ya cire da ka cusa. Zaka ga naka ya fi tsawo ya fi manyan kalmomi, nasa gajere ne amma kowane sakin layi akwai aikin da yake yi. Takardar rantsuwa kaɗai ta isa darasi, sashe na 115 na dokar shaida ta 2011 ya hana ka zuba hujjar doka ko roƙo ko yanke hukunci a cikinta, abinda ya faru kawai, amma duba na sabbin lauyoyi ka gani, rabi wa'azi ne. Haka sashe na 84 a kan abinda ya fito daga kwamfuta ko waya, yanzu da kusan duk cinikin 'yan kasuwarmu a WhatsApp ake ƙulla shi da alat na banki, in baka san takardar shaidar da ake haɗawa da su ba sai a ƙi karɓar hujjarka kana ji kana gani.

Ogana na farko mutum ne mai zafi, ba ya yabo, wasiƙa mai layi goma sai ya dawo min da ita sau huɗu, har na taɓa shiga banɗaki na share hawaye, ba kunya a faɗa. Amma duk takardun nan masu jan biro na tara su a wata jaka, kuma yau in na kama kaina ina gyara wa yaran ofis ɗina sai in ji muryarsa ce ke fita daga bakina. Oga mai daɗin baki wanda zai karɓi aikinka ya ce madalla ya je ya sake rubutawa a ɓoye, shi ne ya cuce ka. Amma fa a bambance, gyara daban wulaƙanci daban, wanda zai zage ka a gaban mutane ko ya riƙe maka albashi wata uku ko ya mai da kai direban kai 'ya'yansa makaranta, wannan ba tarbiyya ba ce kuma ba sai ka jure ba.

Karatun hukunci kuma, ka daina tsayawa a ɗan taƙaitawar da ke sama. Yanzu manhajar binciken shari'u ta LawPavilion ta sauƙaƙa komai, ka buga kalma biyu ta zubo maka shari'u hamsin, sai yaro ya kwafo layi ɗaya ya manna bai san me ya faru a shari'ar ba, ranar da ya haɗu da wanda ya karanta sai a nuna wa kotu cewa hukuncin ma a kansa yake ba a gare shi ba. Marigayi Gani Fawehinmi da ya kafa NWLR, littattafan da ake buga hukunce-hukuncen kotu a ciki, a tsakiyar shekarun 1980 don hukunci ya isa hannun kowane lauya ya yi, to ka ɗauki guda ɗaya duk sati ka karanta shi cikakke har da ra'ayin alƙalin da ya saɓa in akwai. Su manhajojin nan masu rubuta amsa kuma ka yi amfani da su amma kar ka sa shari'ar da baka buɗe da idonka ba, a 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda shari'un ƙarya da manhaja ta ƙirƙiro musu.

Abu ɗaya da ba a koyonsa a takarda shi ne yi wa shaidar abokin hamayya tambayoyi, wannan sai ka tsaya da ƙafarka. Kuma ba a Babbar Kotu zaka fara ba, kotun majistare ce filin atisayenmu, Ogba, Yaba, Ebute Metta. Rigimar mai gida da ɗan haya ta ishe ka makaranta, dokar haya ta 2011 da sanarwar wata 6 ga mai biyan shekara sannan ta kwana 7, da sanin cewa dokar ba ta aiki a Apapa da Ikeja GRA da Ikoyi da Victoria Island, ƙaramin abu ne amma manya na zamewa a kai. Ga kotun ƙananan basussuka da aka buɗe 2018 mai sauraron abinda bai wuce naira miliyan 5 ba, shari'a ce mai sauri zaka ga farkonta ka ga ƙarshenta cikin 'yan watanni. Ka roƙi oga ya bar maka irin waɗannan, shi ba su da riba a wurinsa, kai kuwa jari ne. Ka kuma karɓi shari'a ɗaya ko biyu ta taimako, akwai 'yan uwanmu birjik a gidajen yarin Ikoyi da Kirikiri suna jiran shari'a ba mai tsaya musu, wasu ko turancin da aka karanta musu tuhuma da shi ba su ji ba, ga lada ga ƙwarewa. A nan zaka gane cewa tambayar da baka san amsarta ba ba a yinta, kuma in shaida ya ba ka abinda kake so ka zauna, kar kwaɗayi ya sa ka ƙara ɗaya ya gyara ɓarnarsa. Kowa sai ya yi wannan kuskuren sau ɗaya, gara ka yi shi a kan kuɗin hayar ɗaki da ka yi shi a kan kamfanin wani.

Maganar manyan ofisoshin Ailan, wato su Victoria Island, ba zan yi maka ƙarya ba suna da abinda ƙaramar cemba ba ta da shi, albashi mai kyau, tsari, ɗakin karatu, manyan cinikayya na banki da mai da lantarki, kuma sunansu a takardarka yana buɗe ƙofa. In ka samu ka shiga. Amma ka sani can ma akwai nasu karɓo ranar, sai ka shekara biyu kana duba tulin takardun kamfanin da za a saya kana cike jadawali har sha biyun dare baka taɓa ganin fuskar mai aikin ba, ga cunkoson gadar Third Mainland safe da dare. Wanda ya ci riba a can shi ne wanda ya nemi ganin dukan cinikin, ya tambayi me ya sa aka sa wannan sharaɗin, wa yake karewa, in abu ya lalace wa zai biya. Tambayoyina biyu na farko suna nan ko a bene na goma kake. Aikin lauyan cikin kamfani shi ma hanya ce mai kyau, sai dai kar ka yi saurin shiga, don dokar sana'armu ta hana mai cin albashin kamfani tsaya wa kamfanin nasa a kotu, in ka shiga da wuri hannunka na kotu zai mutu tun bai yi ƙwari ba. Abokanka masu rijistar kamfani kuwa Allah ya sa albarka, kuɗi ne na halak, amma tun bayan dokar kamfanoni ta 2020 da komawar hukumar rijistar kamfanoni ta CAC intanet mai kasuwa da kansa yana iya yin mafi yawansa a waya, sana'ar da ta tsaya a nan kaɗai ba ta da tsawon rai. Buɗe naka ofis yanzu ban ba ka shawara ba, ba don kuɗin haya ba, don in ka yi kuskure ba mai gani sai alƙali.

Zaɓen fanni kuma kar ka gaggauta, ka yi shekara uku ko huɗu kana taɓa komai, fili, laifi, kwangila, aure da gado, sannan ka lura da wanda in ka zauna a kansa baka jin wucewar lokaci kuma akwai masu biya. Dabarar da zan ba ka ita ce ka bi sabuwar doka, don ranar da aka sa mata hannu kai da mai shekara 30 a aiki kusan tare kuka fara karanta ta. Dokar man fetur ta 2021, ta kare bayanan mutane ta 2023, ta sulhu da sasanci ta 2023, ta lantarki ita ma 2023, ga sabbin dokokin haraji na 2025. Ka ɗauki ɗaya ka cinye ta, ka rubuta ɗan sharhi mai shafi biyu ka sa a LinkedIn, ka je tarukan reshen NBA na Ikeja ko na Legas da na zauren matasan lauyoyi, wata rana wani babba zai ce wa ya san abin nan sai a ce akwai wani yaro Bahaushe. Kai kuma kana da wani abu a hannu da baka lissafa ba. In ka yi karatun haɗin shari'ar Musulunci a jami'a kamar yawancin 'yan BUK da ABU da Danfodiyo, to harkar kuɗi marar ruwa tana neman irinka, bankin Jaiz ya fara aiki 2012, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, na farko na naira biliyan 100 a 2017, kuma takardun irin wannan ciniki yawanci a Legas ake rubuta su, wanda ya san murabaha da ijara, wato sayarwa da riba sananniya da bayar da haya, tun daga tushe kuma ya iya dokar kamfani ba su da yawa. Haka rabon gado, Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati, Alhaji zai rasu ya bar gidaje a Agege da kuɗi a banki da iyali rabi a nan rabi a Kano, malam zai raba amma banki ba ya sakin kuɗi sai da takardar kotu, mai haɗa waɗannan biyun ba ya rasa aiki.

Wannan ya kawo ni kan mutanenmu, kuma nan zan ɗan ja maka kunne. Hausarka jari ce babba a garin nan, daga Mile 12 zuwa Alaba Rago, Idi-Araba, Obalende, mayankar Oko-Oba, masu tireloli a Apapa, 'yan canji, dukiya ce mai yawa ke juyawa a kan amana da baki ba takarda, kuma mutum ya fi sakin jiki da wanda zai gaya wa damuwarsa da harshensa. Amma tarko ne kuma. Da zarar an ji akwai Barista a unguwa wayarka ta daina hutawa, an kama mashin, an kama yaron wane yana ofishin 'yan sanda na Panti, ƙarfe ɗayan dare, kuma in an gama sai Allah ya saka da alheri. Taimako wajibi ne, ka yi, kuma ka san abinka, sashe na 35 na tsarin mulki a kan awa 24 ko 48 na tsarewa, da cewa doka ta hana kama wani a madadin wani ko kama mutum a kan bashi. Sai dai in ka bari zaryar caji ofis ta zama ita ce sana'arka, shekara goma zata wuce ana kiranka lauyan beli, manyan Alhazan kuma ranar da zasu sayi gida a Lekki ko su shiga rigima da banki sai su tsallake ka su tafi Ailan, don a idonsu kai na ƙananan abu ne. Ni abinda ya canza min lissafi shi ne na fara ce musu Alhaji kafin ka biya kuɗin filin nan bari in je ofishin filaye na Alausa in bincika, bari mu nemi amincewar gwamna kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta ce, kafin ka ba da motarka haya bari mu rubuta. Kuma na koyi faɗin kuɗina tun farko a rubuce ba tare da jin nauyi ba, wannan kunyar tamu ta Hausawa ta talauta lauyoyi da yawa. Sannan kuɗin mutane in sun biyo ta hannunka, na haya ko na sulhu ko na gado, asusunsu daban, ko aron kwana ɗaya kar ka yi da niyyar zaka mayar, yawancin waɗanda kwamitin ladabtarwa ya soke sunansu ba rashin ilimi ne ya kai su ba, daga irin wannan aron aka fara.

Mastas, ka bari sai ka san tambayar da kake son amsarta, in ba koyarwa zaka yi ba digiri na biyu ba ya koya maka tsara ƙara, amma bayan ka zaɓi fanni yana da amfani sosai. In kuma idonka na kan SAN ko kujerar alƙali, duka biyun sai ka shekara 10 da rantsuwa, Kotun Ɗaukaka Ƙara 12, Kotun Ƙoli 15, kuma tun da aka fara ba da SAN a 1975 da Cif Rotimi Williams da Dakta Nabo Graham-Douglas, hanyar lauyan kotu ita ce shari'un da ya yi, yau kuwa sai ka kawo hukunce-hukuncen da sunanka ya fito a ciki tun daga Babbar Kotu har sama. Don haka ko oga ne ke magana ka tabbatar an rubuta sunanka cikin waɗanda suka bayyana, in an yanke hukunci ka karɓi kwafi mai hatimin kotu ka ajiye, ba a fafe gora ranar tafiya. Komawa gida kuma ba faɗuwa ba ce, Kano da Kaduna da Abuja akwai aiki, amma ka koma da wani abu a hannu da za a ce a Legas ya koyo shi.

Ranar Litinin ka sami oga lokacin da ya huce, ba da safe yana shirin kotu ba, kar ka fara da maganar albashi, ka ce masa ranka ya daɗe ina so a ba ni fayil ɗaya na majistare in riƙe daga farko har ƙarshe kana dubawa, kuma moshin na gaba ina so in fara rubutawa. Ka ba shi zuwa hutun kotu na ƙarshen Yuli ka ga kamun ludayinsa. In ba motsi, lokacin hutun ne ya fi dacewa da yawon kai takardar neman aiki don manya suna ofis ba sa kotu, kuma kar ka ajiye wannan sai ka riƙe wancan. Kuɗin shekara na NBA kuma ka biya kafin 31 ga Maris ko oga bai biya maka ba, akwai ofisoshin da rasit ɗin suke fara tambaya. Daraf ɗin farko da ya dawo maka da shi ka ɗauki hotonsa ka turo min in ga irin jan bironsa.